Takardar da Na Bari a Aljihu

A shekarun da fetur ɗin Najeriya yake tsallakowa Konni a jarka-jarka, ni dillalin albasa ne, magidanci mai ganin kansa a matsayin mutumin da ya san darajar mutane. Mahaifina ya rasu ya bar mini gida mai ɗaki biyar, na zauna a biyu na ba da ukun haya. Biyu na hannun wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da matarsa. Na ukun na ba ɗan wani aminin mahaifina daga Dogarawa, mutum mai zaƙin baki wanda ba ya kirana sai da Yaya. Ranar da ya shigo na gaya masa sharaɗina guda: ba a ajiye mini fetur a gida. Ya dafa ƙirji ya ce ai shi goro yake sayarwa.

Ba a yi wata biyu ba tsakar gidan ta ɗauki wari. Na leƙa ɗakinsa na ga jarkoki jere har bakin taga. Ga wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta: duk lokacin da zan yi masa magana sai na ja shi bayan gida, inda ba mai ji, wai don in rufa masa asiri. Sau uku na yi haka. Kullum sai ya durƙusa ya ce kayan wani ne aka ba shi ajiya, gobe za a kwashe. Gobensa kuwa ba ta taɓa wayewa ba.

Malamin lakwal ya gaji, don matarsa tana girki taku kaɗan daga ƙofar ɗakin. Ya zaunar da ni ya ce maganar baka ba ta isa ba. Da hannunsa ya rubuta mini takardar gargaɗi da faransanci, kofi biyu, ya sa ranar, ya faɗi sharaɗin da aka karya, ya ba mutumin mako guda ya fitar da kayan ko ya bar ɗakin. Ya ce in kai masa gaban mai unguwa, mutumin ya dangwala yatsa, kowa ya riƙe tasa. Na karɓa na yi godiya. Amma a wurinmu ka miƙa wa ɗan aminin ubanka takarda, kamar ka kai shi ƙara ne, sai na ji kunyar abin da tsohonsa zai ce idan labari ya isa Dogarawa. Na ninke ta na cusa a aljihu, ina ta ɗaga ranar.

Wata Laraba bayan azahar ina wajen awon albasa aka zo aka ce gidana na ci da wuta. Ɗaki uku suka ƙone ƙurmus. Matar malamin ta koma ciki ɗauko jaririyarta, ta fito da ita lafiya, amma hannunta na dama ya ƙone har kafaɗa, kuma bai sake miƙewa ba.

Jandarma suka kwashe mu ni da ɗan hayar mai jarkokin. A gabansu mutumin nan ya dube ni, ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce, "Yaya, ai da saninka na aje. Yaushe ka taɓa hana ni? Wa yaj ji?" Wallahi da ba a riƙe ni ba da na shaƙe shi. Aka tambaye ni shaida, ba ni da ko ɗaya, don ni da kaina na kore su. Sai na tuna da takardar, na zaro ta, ina ganin ceto ya zo. Babbansu ya karanta, ya juya ta, ya ce ba sa hannu, ba alamar an kai wa kowa, ga kofi biyun duk a wurina. Abin da ta nuna kawai shi ne na san da fetur a gidan na yi shiru. Aka tura ni kaso tare da shi, tabarma ɗaya muka yi ta kwana a kai har sati uku.

Har yau idan na tuna raina ɓaci yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi. Abin da na kira kunya tsoro ne kawai. Ya ku masu ba da haya, idan ɗan haya ya karya sharaɗi, ku rubuta, ku faɗi laifin da wa'adin, ku miƙa masa gaban shaidu ya sa hannu, ko da ɗan ɗakinku ne. In zai yi fushi ya yi. Ni na tsare mutuncin maƙaryaci, wata baiwar Allah da ba ruwanta ta biya da hannunta.