Ranar da Aka Fasa wa Mangri Awarwaro

Macen da ta daɗe tana tsinkar ganyen shayi a gonakin Assam na ƙasar Indiya ba sai ta faɗi sana'arta ba. A dubi goshinta kawai. Akwai ɗan kwarmi a bakin gashi, inda igiyar kwando take zama, kwandon kuma yana reto a baya. Mangri Lohar ta gaji kwarmin ne tare da aikin. Uwarta ta yi tsinka har bayanta ya ranƙwafa, da ta kasa aka sa 'yar a gurbinta. Mangri ba ta da surutu. Hannu bibbiyu take tsinka, kai a sunkuye. In matsattsaku ya kama mata ƙafa, ta goga masa taba ta wuce.

Mijinta Etwa feshin magani yake yi a gonar, shi ma magana tana yi masa wuya. Uwarsa Phulo ce ta ɗauke musu wannan nauyin, tana yi tun daga asuba.

Cikin Mangri na fari ya zo ba rai a wata na bakwai. Ta sha ciwon kai kafin nan, ta kumbura, aka ce laulayi ne. Aka binne, ta koma gona. Saboda haka da na biyu ya shiga wata na biyar, kai ya soma sara mata, sai tsoro ya sa ta ɓoye wa kowa. Abu ɗaya take so a duniya, wannan ya zo da kuka.

Phulo ce ta lura da yadda take runtse ido.

"Igiya ce, 'yar nan. Wace ce mai kwando da kanta ba ya ciwo? Ni ciki shida na yi, na ƙarshen ma a gindin shayi na durƙusa. Zo nan."

Ta niƙa citta ta shafe mata goshi, ta ɗaure da ƙyalle tamau. Ya ɗan lafa, ya dawo.

A gona kuwa, da rana ta take ake kawo musu baƙin shayi a garwa, da gishiri a ciki maimakon sukari, kamar yadda ake yi tun zamanin kakanni. Jhalo, wadda suke layi ɗaya, takan tura mata nata kofin.

"Shanye, uwar biyu. Maganin kai ke nan. Ko so kike helima ya ce kin zama matar manaja?"

"Matar manaja da wannan ƙafar?"

"To, ai shi ya sa. Sha."

Mangri ta sha. Ruwa kuwa ba ta cika sha ba, don mai ciki in ta sha sai fitsari, helima kuma, mai sa ido a kan ma'aikata, yana tsaye da lemarsa yana kallon duk wadda ta bar layi. Lokacin damina ne, ganye ya yi yawa, ba a son jin kowa ya ce wayyo. Asibitin gona yana nan, ta sani. Ta kuma san abin da za su ce: ajiye kwando. Wanda ya ce a ajiye kwando bai taɓa cewa ga shinkafa ba.

Haka ta lallaɓa har wata na shida ya yi nisa.

Wata Lahadi da hantsi, ranar da ba a fita, tana zaune a bakin ƙofa tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Ba igiya, ba kwando, ba rana a ka, amma kan yana bugawa kamar ana daka a ciki. Wasu ɗige-ɗigen haske suna yawo a kan faifan, ta kasa raba tsakuwa da ƙwaya. Etwa yana gefe yana gyaran sarƙar keke. Can sai ya ajiye, ya kasa kunne.

Awarwaron gilashi ne a hannunta, koraye, waɗanda ya sa mata ranar aure. Ko me take yi suna ƙara, har da su yake gane ta shigo gida. Yau tana ta motsa hannu, shiru.

"Miƙo hannunki."

"Me za ka gani a hannu? Kai ne ke ciwo."

Ya kama ya duba. Awarwaron sun nutse cikin nama, yatsun sun yi suntum.

"Wancan karon ma sun daina ƙara," in ji shi. Bai taɓa ambatar wancan karon ba sai yau.

Phulo ta kawo sabulu ta yi ta murzawa, ko motsi. Etwa ya shiga ciki ya fito da ɗan dutsen niƙa. Tsohuwa ta yi tsalle ta tare shi.

"Kai, ka haukace? Ba a fasa wa mace awarwaro sai ranar da mijinta ya mutu! Kanka kake yi wa fata?"

Mangri ma ta ɓoye hannun a cikin zane. Ta taɓa ganin yadda aka yi wa uwarta, mata suka kewaye ta a gaban gawar mijinta suna fasawa ɗaya bayan ɗaya.

"Bar su, don Allah. Gobe zai saɓe."

"Inna, ga ni a tsaye," in ji Etwa. "In na mutu gobe, ki ce su ne."

Ya cusa ƙyalle a ƙarƙashinsu, ya ɗora hannunta a kan dakali, ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali. Suka zube kore shar a ƙasa. Inda suka tashi ya yi zobe-zobe kamar an ɗaure da waya. Mangri ta kalli wurin, ta ga abin da citta da ƙyalle suka ɓoye mata. Ba ta ƙara musu ba. Ta hau bayan keken da sarƙarsa ke kuka.

A asibitin gona, nas ɗin da ke aiki ranar ta fito tana tsaki, an katse mata abinci. Da ta ɗaura mata abin awo a dantse sai tsakin ya tsaya. Ta sake aunawa.

"Jininki ya hau, baiwar Allah. Sai da kika zama tulu kika zo? Wannan ba na igiya ba ne. Ciwon kan da hutu bai kore shi ba, ga kumburi, ga walƙiya a ido, ba a kwana da shi a gida."

Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce awo duk mako, ta sha ruwa, ta bar shayin garwa, ta ajiye kwando. Ta ajiye. Shinkafa ta ragu a tukunya, Phulo ta yi mita har ta gaji, Etwa ya ƙara da yankan ciyawa da yamma. Kan bai daina ciwo gaba ɗaya ba, sai dai ya rage hauka. A wata na takwas jinin ya ƙi sauka, aka kai ta babban asibiti a gari, aka ciro yarinya 'yar mitsitsiya kamar ɗan kyanwa. Ta yi kuka. Siririn kuka ne, amma Mangri ta ji shi.

Etwa bai mutu ba. Ya sayo wasu awarwaron, manya, masu sako-sako, ya ajiye mata a kan tabarma. Bayan 'yan watanni ta koma layinta kusa da Jhalo, igiya ta koma kwarminta.

Wata safiya tana shirin fita, ta tarar da Phulo ta ɗora jaririyar a cinya tana shafa mata goshi da babban yatsa.

"Kai, ga goshi mai faɗi! Wannan za ta ɗau kwando."

Mangri ta sunkuya ta ɗauke hannun tsohuwar daga wurin, awarwaro suna ƙara. Ta gyara wa 'yarta hula har ta rufe goshin, sannan ta saɓi kwandonta ta fita.