Akwatin Keken Ɗinki

Bayan aikin da aka yi wa maiɗakina a ciki, likita ya hana ta ɗaga duk abin da ya fi buta nauyi. Bai tambayi sana'arta ba. Ɗinki take yi, a ɗaki ɗaya da muke haya a unguwar Manshiya, a ƙasar da muka je ci-rani, kuma kan kekenta na baƙin ƙarfe ne. Kullum sai ta ciro shi daga ƙarƙashin gado, ta mayar in za a ci abinci. Ni kuwa tun asuba motar gona ke kwashe mu.

Sai na yi dabara, irin ta wanda ya koyar da lissafi shekara tara a Damagaram kafin ya koma tsinkar tumatir. Na zana akwati mai murfi: keke ya nutse ciki, a taɓa shi da yatsa ya taso.

Kafintan da na kai wa zanen wani dattijo ne Bafazzane, ɗan ƙasar, mai Hausar da ya gada wurin kakarsa. Ya duba zanen a juye.

"Ya ustaz, kawo keke, ni gani."

Ban kawo ba. Tsakaninmu da shagonsa akwai bawaba, shingen masu duba takardu, kuma baƙo marar takarda ba ya ratsa ta da keke a ka. Na auna tsawo da faɗi da zare. Nauyi kuwa, na ɗauki keken a dama, jarkar ruwa a hagu, ina rage ruwa har hannuwana suka ce sun yi daidai. Kilo goma, na rubuta, har da ja masa layi.

Da na koma da awon, kafintan ya ajiye mini abu biyu. Ga sifirin na murɗaɗɗen ƙarfe da sarƙa, mummuna, mai ƙara, amma ana iya ɗaure shi ya ƙara ƙarfi. Ga kuma sandunan iska guda biyu, irin masu riƙe murfin bayan mota, an buga ƙarfinsu a jiki, ba ragi ba ƙari.

"Ɗauki sifirin. Hannu yana ƙarya."

"Baba, lissafi ba ya ƙarya."

"To. Kai ne ustaz."

Ya ƙera akwatin daidai da sandunan, ramin matsattse, babu wurin sifirin ko da an so. A amalanke aka kawo shi. Akwati fanko ba ya damun kowa a bawaba.

Na ɗaura keken, na danna. Ya nutse a hankali, gwanin kyau, har maiɗakina ta yi tafi. Ta taɓa shi da yatsa. Shiru. Ta sa tafin hannu. Ya ɗago kamar faɗin yatsa biyu, ya koma. Ashe keken ya fi kilo goma: hannun daman da ya yi wata shida yana ɗaukar kwandunan tumatir ne ya auna mini keken.

"Malam," in ji ta, "da a ƙasa yake ina jawo shi. Yanzu rijiya ka gina masa."

Na yi yawon gareji-gareji, ban samu sanda mai ƙarfi da za ta shiga ramin ba. Na koma ciro mata shi kafin in fita, sai ya wuni a waje, ƙura ta cika shi. Rana guda na manta, ga ɗinkin mutane yana jiran ta, ta gwada ciro shi da kanta. Ɗinkin cikinta ya buɗe.

Matan unguwar Sukra da ke kawo mata yadi sun samu wata mai ɗinkin. Keken yana cikin akwatin. A kan murfin muke cin abinci, kuma, in faɗi gaskiya, tebur ne mai kyau.