Hannun da ke Kafaɗar Kubura

Duk matar da ta haihu a Dutsen Kura ta san Kubura mai wankan jego. Ita ke ɗora tukunya, ta sauke, ta fyaffyaɗa wa mai jego ruwan zafi da ganyen darbejiya. A hannun Kaka ta koya, wata tsohuwa 'yar Bida mai guntun ɗan yatsa, wadda ta rasu bara. Ita kuwa Kubura, baiwar Allah, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Da aka gano ƙari a mahaifarta, tiyatar zamani aka yi mata, ta 'yan ƙananan huji a ciki. Likita ya ja kunnenta: in tana son mahaifar ta riƙe ɗa, kada ta ɗaga abu mai nauyi sai ta warke. Ciwon kafaɗar da take ji kuwa, ya ce na tiyatar ne, zai wuce.

Amma mutanen unguwa sai a hankali. Sun leƙa, ba su ga ɗinki ba.

"Wannan ai cizon sauro ne," in ji surukar Rukayat, maƙwabciyar da ta haihu. "Gobe ki zo."

Kubura ta ji haushi, amma kunya ta hana ta musu.

Da safe ta sunkuya za ta ɗauki tukunyarta, sai kafaɗar ta yi nauyi. Ba ciwo ba ne. Hannu ne, mai ɗumi, yana danna ta ƙasa har ta zauna. Ta yunƙura, ya sake dannawa. Tsoro ya kama ta, ga gari ya waye sarai, ga tsakar gida ba kowa.

Sai bayan azahar ta lallaɓa gidan Rukayat ba da haƙuri. Ta tarar da ita fes, tana ƙamshin darbejiya.

"Anti Kubura, na gode. Tsohuwar da kika aiko ta iya wanka, ga ta da guntun yatsa amma hannu kamar ƙarfe."

Kubura ta dube ta. "Ta ce wani abu?"

"Cewa ta yi za ta riƙa zuwa, wai ke ma tana da wankanki a gaba, kada ki ɓata mata."

Kubura ta koma gida ta kwanta. Hannun ya sauka daga kafaɗarta, ya zauna a kan cikinta. Wannan karon ba ta motsa ba.