Malam Sada na tagar tikiti: shekara tara da rasuwarsa

Ranar Talatar da ta wuce Malam Sada ya cika shekara tara da rasuwa. Ba suna ne da yawancin masu karanta wannan shafi za su gane ba, sai fa waɗanda suka taɓa bin layin shiga filin ƙwallo a Katsina a wancan zamani. Su kam sun san 'yar tagar nan da ke jikin ɗakin siminti kusa da ƙofar shiga, sun san kuma mutumin da ke miƙo tikiti ta cikinta. Aminina ne. Tare muka tashi a Ƙofar 'Yandaka, tare muka yi allo da firamare. Ni na zarce na zama malamin makaranta, shi ya gaji mahaifinsa a kafinta.

Sayar da tikiti aikin ranar wasa ne kawai, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Shekara goma sha shida ya yi a tagar nan, kuma da wuya ya ga wasa daga farkonsa, don ba ya rufewa sai an dawo daga hutun rabin lokaci. Duk da haka ban san wanda ya fi shi son ƙungiyar garinmu ba. Ya san magoya baya ɗaya bayan ɗaya: magina daga Ƙofar Kaura, 'yan kabu-kabu da ke jingine babura su haƙura da cinikin yamma, har da wasu samarin Fulani da ke takowa a ƙasa daga rugarsu a bayan gari. Kowa sai ya gaishe shi da sunansa, ya tambayi mutanen gida, layi na ta ƙorafi yana dariya.

A lokacin ni ne jagoran magoya baya na ɓangarenmu. Ni ke tara mutane, ni ke ɗauko masu ganga. Shekarar da nake son in ba da labarinta, ƙungiyarmu ta yi ƙoƙari har ta kai wasan raba gardama: in mun ci mu hau babban rukuni, in an ci mu mu sake shekara a ƙasa. Aka kuma ce a gidanmu za a buga. Mako guda garin nan bai da wata hira sai wannan.

Ranar wasan, bayan azahar muka taso da ganguna daga Ƙofar Durbi, muna tafe ana ƙaruwa, kowa da naira ɗari biyunsa kamar yadda aka saba. Ni ne farkon isa taga. Sada bai yi mini wasan da ya saba ba, ya dai sunkuyar da kai ya ce, "Iro, yau dubu ɗaya ne."

Na ce, "Mi ka ce?"

Ya ce, "Haka aka aiko mani. Ba ni na sa ba."

Magana ta bi layi har ƙarshensa. Wanda ya wuni yana ɗaukar bulo, ina zai samo dubu ɗaya na kallon ƙwallo? Na roƙe shi ya karɓi tsohon kuɗi ya bar mu mu shiga, in ya so a yi rigimar daga baya. Ya ce amana ce aka ba shi, ba zai iya ba. Nan ne na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ashe kai ma ka sayar da mu, Sada. Nawa suka ba ka?"

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Tawa ta fita a gaban ɗaruruwan mutane, kuma daga bakin wanda suka san amininsa ne, don haka suka gaskata.

Ina da dubu ɗayan a aljihuna, amma na ce babu mai shiga, ko mai hali ko marar hali. Muka zauna a rana a bakin katanga. Muna zaune motocin baƙi, magoya bayan abokan karawarmu, suka iso, wani attajirin garinsu ya biya musu kuɗin shiga gaba ɗaya. Suka wuce ta gabanmu da gangunansu. A filinmu, a garinmu, muryar baƙi ce ta cika wuri. 'Yan wasanmu sun faɗa daga baya cewa da suka fito suka ga benci babu nasu, sai suka karaya. Saura kaɗan a tashi muka ji ihu ya tashi daga ciki, kuma mun san ba namu ba ne. Ɗaya da nema aka ci mu.

Da aka tashi, matasa suka huce a kan tagar. Waɗanda suka yanke kuɗin sun riga sun fice ta wata ƙofa a motocinsu, aka bar jaki ana dukan taiki. Dutse ɗaya ya sami Sada a saman ido. Ina tsaye ba nisa na ga an fito da shi, jini ya ɓata masa gaban riga. Ban matsa ba. Na juya na bi masu ganga muka koma gida.

Daga ranar bai sake taka filin nan ba. Ya koma shagonsa, sai dai wasu sun daina kai masa aiki, yara kuma suka laƙaba masa suna "Dubu Ɗaya". Shekara uku muna haɗuwa a masallaci, mu yi musabaha, ina kwana ina gajiya, kowa ya kama gabansa. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, na je asibiti da niyyar neman gafara. Ina zama ya riga ni, ya ce, "Iro, ya ƙungiya? An samu mai tsaron gida na kirki kuwa?" Sai na ji sauƙi ya zo mini, na biye masa. Muka yi rabin awa muna hirar ƙwallo, har ya yi dariya sau biyu. Na tashi ina cewa a raina jibi zan dawo in faɗa masa. Washegari da hantsi aka aiko mini ya cika.

A wurin zaman makoki ne ƙanensa ya gaya mini abin da ban sani ba. Kwana biyu kafin wasan Sada ya ji labarin ƙarin, ya je har ofishin masu shirya wasan, ya zauna tun safe har aka ba shi dama. Ya ce musu mutanen da suka bi ƙungiyar nan cikin ruwa da rana ba su da wannan kuɗi, in aka hana su shiga an ba baƙi fili. Aka ce masa in ba zai iya ba ya ajiye makulli, akwai masu jira. Ya so ya ajiye. Abin da ya hana shi, in ji ƙanen, tsoron kada a zaunar da wanda bai san mutane ba, a yi ta'adi har a kira masu kulki.

Yau in na bi ta gefen filin ranar wasa nakan tambayi kaina me zai ce. An gyara wuri, an yi fenti, wani lokaci har a yi shela cewa shiga kyauta ne, amma benci rabi ba kowa. 'Ya'yan maginan nan da 'yan kabu-kabu suna gidajen kallo, suna biyan kuɗi su ga ƙungiyoyin Turai, suna cewa "mun ci", "an ci mu", kamar iyayensu aka haifa can. Ba na ganin laifinsu. Uban da aka mayar daga bakin ƙofa a ranar da ta fi kowace rana, ba zai riƙo hannun ɗansa ya kawo shi ba. Ina jin Sada ba zai yi dogon bayani ba. Zai ce an gwada wa mutane cewa kuɗinsu ake so ba su ba, kuma sun ji.

Me ya rage nasa? Ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Ya bar 'ya'ya biyar masu mutunci, da ƙofofin katako a gidajen unguwarmu da har yau ba su karkace ba, da kuma gaskiyar da ya faɗa wa manya shi kaɗai, lokacin da mu masu ganga ba mu ma san ana yi ba. Ni na bar masa tabo.

Bara na daure na je wurin iyalinsa, Malama Hajara, na tsaya a zaure na faɗa mata duka, na ce ta yafe mini. Daga bayan labule ta ce, "Malam Iro, ni ban riƙe ka ba. Amma ba ni ka faɗa mawa ba. Wanda ka faɗa mawa ya tahi."

Allah Ya jiƙan Sada, Ya haskaka makwancinsa. Duk wanda ya tsaya a layin nan ranar, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.