Tumatir Ɗaya Tilo na Malam Sha'aibu

Shekara talatin da biyar Malam Sha'aibu ya yi yana aiki a sakatariya, kuma duk Tudun Ƙofa an san shi da abu biyu: cin tsire da kafa doka. Tumatir kuwa bai taɓa ganin girmansa ba. Cewa yake ruwa ne aka yi wa launi don a yaudari mata.

Shekarar da ya yi ritaya, amininsa Ɗanbala ya yanke jiki ya faɗi, hawan jini ya tafi da shi. Malam ya tsorata ƙwarai, ko da yake bai gaya wa kowa ba. Ya lallaɓa asibiti, likita ta ce nasa jinin ma ya fara hawa: ya rage gishiri da maiƙo, ya sha magani, ya riƙa cin ganye da su tumatir, don suna taimakon zuciya. Duk cikin dogon bayanin nan, tumatir ya riƙe.

Sai dai bai yarda da na kasuwa ba. Ya samo bokitin fenti, ya cika da ƙasa da kashin awaki, ya shuka nasa a bayan ɗaki. Ya kewaye da waya saboda kaji, ya ce ba mai taɓawa sai da izininsa. Wata uku yana ban ruwa safe da yamma, yana bin ganye ɗaya-ɗaya kamar mai duba fayil. Bayan duk wannan hidima, shukar ta yi ɗa ɗaya tak. Malam bai damu ba. Ya sanar a majalisa cewa ranar Juma'a zai cinye shi ɗanye, jini ya koma mazauninsa.

Ya dawo daga masallaci ya tarar da reshe wayam. Matarsa Mairo, ko ɗagowa ba ta yi daga tuƙin tuwo ba, ta ce kayan miya ne suka gaza, ta tsinke ta haɗa a markaɗe.

"Ai cikinka zai shiga, Malam."

Ya ƙi cin abinci, ya ce wuta ta kashe masa magani. Ya buga wa 'yarsu Khairat, ma'aikaciyar jinya, don ta yanke hukunci. Khairat ta ce ɗanye ya fi bitamin C, gaskiya ne, amma jan sinadarin da ke cikinsa mai amfani ga zuciya, jiki ya fi ɗaukarsa idan an dafa da ɗan mai. Ta ƙara da cewa tumatir ɗaya ba ya sauke jinin kowa, wai yana ma shan ƙwayoyinsa kuwa? Nan take Malam ya ce sabis ba kyau.

Ya jawo kwano yana ƙunƙuni, ya cinye tas, har yana cewa ya gane ɗanɗanon nasa a cikin na kasuwa.

Da ya zagaya wanke hannu, sai ya ga faranti a rana, 'ya'yan tumatirinsa a baje suna bushewa. Ashe ta tatse irin kafin ta kai markaɗe. Gefe ga bokitan fenti shida, wankakku, a jere.

"Tumatir ɗaya ba zai tsare min ranka ba," in ji Mairo daga bayansa. "Na ga matar Ɗanbala cikin takaba, ni ban shirya ba."

Malam ya shiga ɗaki ya haɗiye ƙwayarsa, ya fito neman kashin awaki.