Wayar Ɗana Ta Cika

Shekarun baya, a zamanin da Maiduguri take rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, wani abu ya faru da ni wanda har yau nake juya shi a raina. Ni ban yi boko ba. Jikata ce take rubutawa, ni ina faɗa. In kun ga magana ta karkace, bakina ne, ba hannunta ba.

Mu asalinmu masu shanu ne. Da ƙafa ta gaji da bin garke muka zauna a unguwar Bulumkutu, ɗana ya kama fataucin dabbobi, ya shiga ƙauyuka ya sayo, ya kawo gari ya sayar. Shi kaɗai Allah Ya bar mini. Matarsa ta rasu ta bar yarinya a goye, ni na raine ta, ita ce wannan mai rubutun.

Wata safiya ya fita da sauri, ya manta wayarsa a kan buzun salla. Na bi shi da ita har bakin layi, napep ta riga ta ja. Na ce a raina, in ya dawo zai sha faɗa. Bai dawo ba. An ce an tare hanya. An ce an ga motar da ya shiga zuwa ƙauye. Ba mu wanke shi ba, ba mu sallace shi ba, babu tudun ƙasar da zan nuna in ce ga shi nan. Wayar nan kawai.

Cikinta cike take da bidiyon shanu, don yakan ɗauka ya nuna wa masu saye. Amma akwai guda uku dogaye da ya ɗauka a bakin rijiyar ƙauyenmu, lokacin da ya je duba sauran garken da muka bari wurin dangi. Ba a ganin fuskarsa, sai inuwarsa a ƙasa da muryarsa yana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen na uku yana cewa, “Iya, ga Hamra ta haihu, ke da kika ce ta tsufa. Tsufa ai sai ke.” Sai ya yi dariya. Duk Juma'a bayan la'asar jikata takan kunna mana. Mu kalla, ta kashe, kowa ta tashi ta kama aikinta.

Ana nan, ana nan, aka mayar da makarantar su jikata masaukin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Yarinya ta zauna a gida, damina ta wuce, rani ya wuce. Na ga tana dusashewa kamar garwashin da aka bari ba fifita. Sai ga wata malamarsu daga unguwar Wulari, a ƙafa take bin gidaje tana neman ɗalibanta. Ta sha ruwa, ta karɓi wayar, ta saka wani abu da suke kira manhaja, ta ce daga yau aji yana cikin nan.

Ni dai na ce to. Ranar farko da na ji muryoyin yara suna fitowa daga wayar, da gudu na shiga ɗaki na yafo lafaya, na dawo na zauna a nutse kamar mai karɓar surukai. Jikata ta yi dariya har tana riƙe ciki.

“Kaka, ba sa ganinki fa.”

“Ke kika sani. Mutum ba ya zama gaban malamai da kai a buɗe.”

Wata biyu ina yafa lafaya saboda waya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne karatun kansa. Ni a sanina malami ya faɗa, ɗalibi ya maimaita. Wannan malamar kuwa kullum ita ce mai tambaya. Ta jefa musu magana ta yi shiru, su yi ta ja da juna, wannan ta aiko murya, waccan ta aiko hoton abin da ta zana, wata ta gyara wa wata. Wadda ba ta samu caji yau ba, gobe ta tarar da komai yana jiranta, ta bi a hankali yadda ƙarfinta ya kai. Wata rana na kasa haƙuri.

“Anya malamar nan taku ta sani kuwa? Ko ku ne kuke koya mata?”

“Kaka, ke da kike kiwo, tsinko ciyawa kike yi ki sa wa saniya a baki?”

“A'a. Kai ta nake inda ciyawa take.”

“To.”

Yarinyar da na yi wa tsarki ta rufe mini baki da shanuna.

Da karatu ya yi nisa, malama ta ce za a buɗe wata makaranta wajen Jiddari Polo, gurbi kaɗan ne, kuma za ta miƙa sunayen waɗanda suka kammala aikin ƙarshe. Aikin shi ne kowace ta nemo tambaya daga cikin gidansu, ta bincika da kanta, ta ɗauki bidiyo tana bayani, ta tura cikin manhajar kafin azahar ɗin Alhamis. Jikata ta zaɓi kindirmo: me ya sa madara take kamewa in an zuba mata ɗan tsohon nono? Kwana huɗu tana bina da tambaya. Me ya sa ake tafasawa? Me ya sa sai ta huce har yatsa ya iya zama a ciki? Na ce haka uwata ta yi. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Ta bincika ta dawo ta ce mini wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani suke aikin. Na ce shekara sittin ina kiwon dabbobi a ƙwarya ban sani ba.

Ranar Talata muka shirya, ƙwarya a wanke, madara a kan wuta. Ta ɗaga wayar, ta danna, ta sake dannawa. Na ga fuskarta ta canja. Ta shiga ɗaki ta jima, ta fito ta ce, “An ɗage ranar turawa, Kaka.” Na sauke tukunya.

Washegari da hantsi ta tafi ɗibar ruwa, wayar ta yi ƙara. Ɗauka kam na iya. Malama ce.

“Mama, ina kwana. Ina 'yata? Kowa ta turo nata, saura ita.”

“Ba an ɗage ba?”

Ta ce, “Ba a ɗage ba, Mama. Ta rubuto mini ta ce wayar ta cika, ba ta ɗaukar sabon abu. Na ce ta rage kaya, ta ce ta goge duk abin da zai gogu. Daga nan ban sake jin ta ba. Gobe zan miƙa sunaye, kuma wallahi ba na son in miƙa babu nata.”

Na gane. Ba sai an karanta mini ba. Na san abin da ba zai gogu ba.

Na zauna da wayar a cinya. Na san rumbu: in ya cika, sabon hatsi ba ya shiga sai an fitar da tsoho. Na san garke: saniya in ta bar wannan turke, ta bar shi. Iyakar sanina ke nan, da shi na auna. Na ce, wanda ya tafi ya tafi, wannan kuwa tana tsaye da ƙafafunta, ta zaɓi ta binne kanta don kada ta taɓa muryar ubanta, kuma don kada ta taɓa zuciyata. Na ce ba za a yi haka ina da rai ba.

Na yafa lafaya na tafi rumfar mai caji a bakin titi, dattijo ne mai furfura, janaretonsa yana ta ruri.

“Wushe, sannu Hajiya. Caji ne?”

“Ba caji ba. Akwai shanu a ciki. Ka fitar da su.”

Ya duba. “Guda ukun nan? In goge duka?”

Bakina ya buɗe zan ce masa muryar ɗana ce. Sai na ga maza zaune a benci suna jiran wayoyinsu. Ni ba a taɓa ganin hawayena a titi ba. Na ce, “Duka.”

Ko ƙara abin bai yi ba. Na zaci zan ji wani abu, ko motsi, ko kuka. Ya taɓa da yatsa sau biyu ya miƙo mini.

Na tarar da ita ta sauke jarka. Na ce, “Ga wayarki, na share miki wuri. Ɗora madara.” Ta karɓa ta duba. Ta sake dubawa. Sai ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye, cikin jiƙaƙƙen yashi.

“Kaka, me kika yi?”

“Abin da ke kika kasa.”

“Ana turawa fa, Kaka. Ana turawa wata wayar, ya zauna can, ya zauna nan. Kawu nake jira ya zo daga Yola da tasa in hanya ta yi kyau. Duk layin nan ƙananan wayoyi ne, kuma ban so in bar Baba a hannun wanda ban sani ba. Mai cajin ma da kin gaya masa, da ya ajiye miki.”

Ashe murya ba saniya ba ce. Tana iya tsayuwa a turke biyu.

Muka koma wurinsa tare, ni a gaba ina tuntuɓe. Da ya ji ko muryar wane ne, ya cire hularsa ya riƙe. Ya yi iya yinsa har azahar, ya ce, “Hajiya, da kin faɗa mini kalma ɗaya.” Daga baya kawunta ya kai wayar har Kano. Babu.

Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta yi mini magana ba. Ni ma ban nemi ta yi ba. Da gari ya waye na hura wuta, na ɗora madara, na zauna. Ban kira ta ba. Madara ta tafasa, na sauke, ta fara hucewa. Sai na ji takunta a bayana.

“Tunda kin kore shanun,” ta ce, idonta a kumbure, “sai ki gyara zama. Kuma ki cire lafayar nan, hannunki kawai za a gani.”

Ta yi bayani tiryan-tiryan, ta nuna yatsana a cikin madara, ta nuna ɗan tsohon nonon da ake zubawa, ta faɗi sunan halittunta. Wajen ƙarshe ludayi ya suɓuce mini cikin ƙwarya, madara ta fantsamo mata a fuska. Ba ta shirya ba, bakinta ne ya riga ta: “Tsufa ai sai ke.” Sai dariya ta ƙwace mata, gajeriya, mai shiga hanci a ƙarshe.

Na ɗago na dube ta. Shekara goma sha biyar tana gabana, ban taɓa lura dariyar ubanta ce a bakinta ba. Ina ta nemansa a cikin waya.

Ta so ta yanke wurin, na ce ta bari. Haka ta tura kafin azahar. Yara suka yi ta aiko tambaya, wata ta ce kakarta ba ta tafasawa, aka yi ta ja har yamma. Sunanta ya shiga. Yau a asibiti take aiki, a ɗakin da ake duba jini, tana kallon ƙananan halittun nan da idonta.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Malamar nan da na raina don tana tambaya, ita ce mai gaskiya. Ni da na ƙi buɗe baki a gaban maza huɗu a benci, na biya da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Da jikata ta faɗa mini, da ni na tambaye ta, da yanzu yana nan. Kowaccenmu ta yi shiru don ta tausaya wa 'yar'uwarta. Amma in an mayar da ni ranar, kuma aka ce da gaske babu wata hanya, zan sake cewa duka.

Bidiyon kindirmon yanzu yana cikin waya huɗu, ni na sa aka yi haka. Duk Juma'a bayan la'asar shi muke kunnawa. Kalmomin ɗana kuwa suna nan a kaina, ko ɗaya ba ta faɗi ba, sai dai sautin ne yake nisa, kamar mai kiran shanu da ya haye tudu. Wani lokaci in gida ya yi shiru nakan gwada kiran Hamra yadda yake kiranta, in ji ko zan kamo shi. Muryar tsohuwa ce take fitowa.

Ga mai rubutun nan ta ajiye waya tana share ido, tana cewa wai ban kira daidai ba, shi yana jan ƙarshen. Na ce to ki kira in ji.

Ta kira.