Ladan Bango da Hannun da Ya Taɓa Ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, 1997, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ladan Bango, mahauci kuma babban ɗan damben ƙasar Katagum, bayan 'yar gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. An yi jana'izarsa a Azare bayan azahar.

Ladan, tun da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a ƙofar gida sai in miƙe in nufi kasuwa, in na isa layin mahauta na tarar an kife teburinka sai in juyo. Ko'ina na tsaya, gardama ɗaya ake yi: a ina za a ajiye ka cikin manyan 'yan damben da aka taɓa yi a ƙasar nan? Ni kuma ake kallo, domin ni na yi alƙalancin yawancin wasanninka, har da na ƙarshe.

Kafin dambe, bari in faɗi mutumin da na sani. Hannun da ke kayar da ƙarti, shi ne ke cusa wa tsofaffin mata ƙashi da kayan ciki a kwano, ka ce su wuce kada su tare maka ciniki. Ranar da bijimi ya tsinke a kara, kasuwar shanu, ya nufi rumfar masu tuwo, kowa ya watse, kai ka tare shi ka murɗe ƙahonsa har ya gurfana, sannan ka koma kan sikelinka kana faɗa wai an bar ƙuda sun sauka kan nama. Maƙwabcinka Malam Edward, malamin dabbobi da aiki ya kawo daga Bogoro, bai taɓa yanka akuyar Kirsimeti da kansa ba. Kai kake zuwa da wuƙarka ka yanka, don duk unguwa ta ci ba tare da wani ya yi ƙyanƙyami ba. Na gan shi a gidan makoki yana kuka kamar ƙaninka.

Ka ajiye zaren dambe a 1983 ba a taɓa kashe ka ba. Daga Misau zuwa Gamawa babu wanda ya taɓa sa gwiwarka ko tafinka a ƙasa. Da ka zauna haka, da yau babu mai gardama a fili. Amma a bayan idonka ana cewa ka yi ritaya da wuri, kafin ƙartin Nguru da Gashuwa su fara zuwa, wato ka yi suna ne a lokacin da babu maza.

Da kakar 1992 Umara na Nguru ya iso, saurayi mai ƙirji kamar ƙofar zaure, ya share duk wanda aka fito masa da shi. Sai na ji wai kana gudun sassafe a hanyar Zadawa. Na same ka a gida kana jiƙa zare, furfura ta fara cin gemunka. Na ce, "Ladan, ka haura arba'in. Sunanka a tsare yake. Me kake nema?"

Ka ce, "Malam Ya'u, sunan da ake tsarewa a ɗaki kamar kwanon amarya ba na son sa. In na gaske ne, a fito da shi rana."

Hajiya Yakaka, maiɗakinka, ta yi magana har ta gaji. Ba ka ji ba.

Ka fara da yaran Umara biyu, ka kashe su a turmin farko, duk Azare ta ruɗe. Sannan aka haɗa ku. Ban taɓa ganin fili ya cika haka ba, har kan bishiyoyi. Turmin farko babu kisa. Na biyu ya fasa maka gira, numfashinka ya fara fita da ƙara. A na uku ya kawo maka wani naushi a haƙarƙari, ka sunkuya, jikinsa ya tare mini kai, kafin in zagayo ka taso da hannu ka same shi a muƙamuƙi. Umara ya zube warwas.

Kalangu ya ɗauka, jama'a suka ɓarke cikin fili, na kama hannunka zan ɗaga. Sai ka riƙe shi a ƙasa. Ka ce, "Dakata, Malam Ya'u. Tafina ya taɓa ƙasa kafin in buge shi."

Na ce, "Ban gani ba."

Ka ce, "Ni na ji." Ka buɗe hannun hagu, ga yashi manne a tafin.

Dokar dambe a fili take: wanda ya fara taɓa ƙasa shi aka kashe. Na je na ɗaga hannun Umara yana zaune a ƙasa, bai ma san inda yake ba. Nan take aka fara zagina. Kai kuwa ka kwance zarenka ka tafi sallar magariba. Ba ka sake ɗaura shi ba.

Daga nan gardamar ta samo asali, kuma mutuwarka ta sake hura ta. Wasu na cewa komen da ka yi ya ɓata maka tarihi, wanda aka kashe ko sau ɗaya ba zai zauna sama da waɗanda suka tafi da sunansu cif ba, don haka kai ne na uku ko na huɗu. Wasu na cewa mai shekara arba'in da ɗoriya da ya kwantar da Umara ba shi da na biyu. Malam Edward yana cikin waɗannan, har muryarsa ta dushe. Ni kuwa da safe ina nan, da yamma ina can. Alƙali ne ni, na san abin da doka ta ce. Na kuma san abin da idona ya gani. Na taɓa tambayarka kai wane ɓangare kake, ka yi dariya ka ce in matsa, ina tare maka masu saye.

Ranar addu'ar uku wani ƙato ya sauko daga motar Nguru, ya tuɓe takalmi tun daga bakin layi, ya zo ya durƙusa gaban ɗanka Babayo. Umara ne. Bayan an shafa addu'a, wani ya ce masa ga wanda ya kashe Bango nan. Ya ɗago kai ya ce, "Makaɗana sun so su sa wannan a kirarina, na hana. Na kashe mutum da yawa, amma nasarar ranar nan kyauta aka yi mini. Baba Ladan ne ya ba ni, ni kuma har yau ban san inda zan ajiye ta ba."



Ya Allah, Kai ne Alƙalin da jikin kowa ba ya tare maSa gani. Ka jiƙan bawanKa Ladan, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa gaskiyar da ya faɗa a gaban jama'a ta tsaya masa ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Yakaka, da 'ya'yansa Babayo, Jamila da Husaina, da 'yan'uwansa mahauta, da jama'ar Katagum baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Malam Ya'u Zadawa, tsohon alƙalin dambe, Azare.